Kukan Saniyar Kawu a Wayata

Wautar da zan fara amsawa ƙarama ce, amma ita ta haifi sauran: ban iya raɗa suna ba. Duk sautin da na ɗauka a waya sai in sa masa suna "sabo". Na gaba "sabo biyu". Na bayansa "sabo na gaske", sai "wannan ne", sai "wallahi wannan ne". A shekarar da zan ba ku labarinta akwai 'yan gidan "wallahi wannan ne" har huɗu a wayata. Ɗaya ƙarar ƙofa ce, ɗaya tarin Baba, ɗaya kukan saniya, na huɗun kuwa har yau ban san ko mene ne ba, ya yi kama da ana jan buhu a kan tsakuwa ana kuma yi masa faɗa.

Walida da Abba, ku nake rubuta wa wannan. Na san shekaruna goma sha bakwai ne kacal, kuma Umma ta ce mutum ba ya rubuta tarihinsa sai ya yi furfura. Ni dai abin da na gani ya isa furfura, gashin ne bai samu labari ba. A gidan nan ana gaya muku cewa yayanku Kamalu ya gano ɓatacciyar saniyar Kawu Buba da waya, har Abba yana faɗa wa 'yan ajinsu wai yayansa injiniya ne. Ba duka ne ƙarya ba. Amma akwai kwana biyu da aka tsallake a tsakiyar labarin, kuma ni ne na tsallake su.

A hutun damina, ina ɗan shekara goma sha biyar, ni da abokina Nazifi muka yanke shawarar yin wasan kwaikwayo irin na rediyo, wanda ba hoto sai murya. Ba don ƙaunar rediyo ba ne. Tsohuwar wayar Yaya Mansur ce da ya bar mini, gilashin kyamararta ya tsage, duk wanda ka ɗauka sai ya fito kamar ya faɗa cikin kunu. Labarin na wani makiyayi ne da aka yi wa sharri a gari. Ni ne makiyayin, ni ne mai gari, ni ne matar mai gari. Nazifi shi ne ɓarawo da sauran jama'a baki ɗaya. Da muka gama muka kai wa Mudi mai turi, wanda yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori a bakin tasha. Ya saurara kamar minti ɗaya, ya cire abin kunne, ya ce muryoyin ba laifi, amma wasan kamar a cikin randa aka yi shi: makiyayi yana cewa ga shanuna nan, ba a jin ko ƙuda. Ya ce mu je mu sa masa ƙarar duniya, ruwa da ƙofa da tafiya da dabbobi. In ya yi daɗi zai riƙa ɗora wa mutane kyauta a kan waƙoƙinsu, sunanmu ya zaga Daura har Mai'adua.

Nazifi ya ce ai komai yana intanet. Gaskiya ne, komai yana nan, sai dai mai kyau yana bayan ƙofa. Ka danna ka ji tsawa mai girgiza ciki, ka ce alhamdu lillahi, sai shafin ya ce kawo katin banki, kuma da dala. Ni da ko aljihu mai kyau ba ni da shi. Muka koma wajen na kyauta, muka ƙona datar sati guda a yini ɗaya, muka sauko da kayan Turawa. Ƙofar da muka samu ta katako ce mai kuka a hankali kamar tana jin kunya, alhali ƙofar mai gari ta langa-langa ce, in aka buɗe ta unguwa uku ke farkawa. Ruwan saman ba ya dukan kwano, kan ganye yake sauka cikin ladabi. Kasuwarsu ba wanda ke rantsuwa. Saniyarsu kuwa kuka ɗaya take yi mai kauri, na wadda ta ci ta ƙoshi ta yi ritaya. Da na kunna wa Umma, wadda a ruga aka haife ta, ta tambaye ni ko jirgin ƙasa ne.

Daga nan muka gane mafi araha shi ne mu ƙera namu. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne, abin gaske ba ya yin kama da kansa a waya. Na tsaya cikin ruwan sama na jiƙe har ƙashi, na ɗauka, na kunna, sai ga suyar ƙosai. Amma da Nazifi ya riƙa zuba gero a hankali kan farantin Umma, sai ga damina sosai, har ka ji kana son rufa. Tsawa, tsohon kwanon rufin bayi muka girgiza. Wuta, leda muka murza. Tafiyar dare, takalmin Baba a cikin tiren yashi. Mari kawai ne ya ƙi yarda da dabara, tafi ba ya yi, bugun katifa ba ya yi, dole sai kuncin Nazifi, kuma sau tara muka maimaita saboda kullum sai wata kaza ta sa baki. Kajin gidan nan, Allah ya sani, sun fi kowa son fitowa a wasan.

Saura shanu. Akwai wani wuri a ƙarshen wasan inda makiyayi ya dawo gida da yamma, garke yana shiga cikin kwanciyar hankali, muna buƙatar saniya guda ta yi kuka mai daɗi. Ina da ta Turawa. Na je karar shanu ranar kasuwa na ɗauko wata, amma dillalai sun fi ta murya. Nazifi ya tura kansa cikin bokiti ya yi tasa. Duk ba su gamsar da ni ba. Ina son saniyar ƙauye, da tsuntsaye a bayanta.

A nan ne babur ɗin Yaya Mansur ya shigo. Watanni kaɗan kafin nan na taɓa ɗaukarsa na shiga da shi cikin tiren mai awara, kuma Baba ya tsayar da ni a tsakar gida gaban kowa.

"Wallahi ranar da ka sake hawa babur ɗin nan, kai da wayar nan kun rabu. Na rantse, kuma ka san ba na kaffara a kan yaro."

Ranar Asabar Yaya Mansur ya tafi Katsina a mota, ya bar makulli a aljihun rigarsa ta jiya. Ni kuma ya kamata ina Islamiyya. Na tura babur ɗin har bayan layi kafin in tayar, Nazifi ya haye, muka kama hanyar Sandamu. Da muka ga wata 'yar hanya ta ratse cikin gonaki sai muka bi ta, ita kuma ta haifi wata, waccan ta haifi biyu. Gero ya yi tsayi ta ko'ina, ba ka ganin komai sai kore da sama. Cikin awa ɗaya mun ɓata ɓatan da ko gabas ba mu sani ba. Nazifi yana cewa mu juya, ni ina cewa ai juyawar muka yi ɗazu. Muna haka muka faɗo wani ɗan ƙauye, kuma daga bayan wata doguwar katanga na ji ta. Kuka ne mai tsawo, ya fara ƙasa ya hau sama ya karye a ƙarshe, ta huta kaɗan ta sake. Ban ga saniyar ba, ban ma nemi ganinta ba. Na ɗaga waya sama da katangar na tsaya kamar mai neman sabis, na ɗauki kusan minti huɗu. Daga baya wani mai keke ya nuna mana hanyar titi. Muka dawo kafin azahar, na goge babur ɗin da rigata, ba wanda ya sani.

A gida na yanko wuri mafi kyau daga kowace saniya, na haɗa, na cire, na mayar, na sake yi musu suna, har na kai matsayin da ban san wacce ce a cikin wasan ba. Na dai san ta yi daɗi.

Ranar Talata Kawu Buba, yayan Umma, ya zo daga rugarsu da ke can gefen Sandamu. Bai zo da fara'arsa ba. Ko "ɗan birni" da yake tsokanata da shi bai ce ba. Ya zauna kan tabarma ya gaya wa Umma da Baba cewa Wule ta ɓata tun ranar Alhamis. Wule saniya ce mai farin goshi, jikar saniyar da kakarmu ta bari, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan tsatso. Hadari ne ya taso da iska, garke ya watse, aka tattaro kowa ban da ita. Ta bar maraƙi ɗan sati uku. An kai shi wajen wasu shanun sun harbe shi, an ba shi madara a ƙwarya yana kawar da kai. Kawu ya yi cigiya a ƙauyukan kusa, ya zo kara ya duba ko wani ya kawo ta, babu.

Ni ina bakin ƙofar ɗaki da waya ina gyaran ƙarshen wasa. Abin kunnena ya lalace, don haka a fili nake kunnawa, a hankali. Makiyayi ya ce alhamdu lillahi mun iso gida lafiya, sai saniya ta yi kuka. Kawu ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Kamalu, sake kunna wannan."

Na sake. Ya miƙe tsaye, ya zo ya tsuguna gabana, ya sa kunne kusa da wayar.

"Wannan Wule ce. A ina ka same ta?"

Ku yi mini adalci a nan: a wannan lokacin ban sani ba. Shanu huɗu ne a wayar, ɗaya ma Nazifi ne. Amma na san wacce nake addu'ar kada ta zama, ga Baba zaune yana kallona. Sai na ce ta intanet ce, saniyar Turawa. Baba ya yi dariya, ya ce Malam Buba ɓacin rai ne, yanzu ko ƙofa ta yi ƙara Wule za ka ji. Umma ba ta yi dariya ba. Kawu ya sa na kunna sau biyar. Ya ce shi bai san Turawa ba, amma wannan saniya ba gida ta dawo ba, kuma ba daɗi take ji ba. A ɗaure take, hantsarta ta cika, ɗanta take kira. Ya ce duk wanda ya sa wannan kuka a wurin murna bai taɓa kwana kusa da garke ba. Na ji haushin wannan fiye da yadda ya kamata.

Da zai kwanta ya roƙi Baba a ba shi aron ni da wayar zuwa ruga. Ya ce ko ta Turawa ce, tunda muryarsu ɗaya, wataƙila maraƙin ya ji ya yarda ya sha wani abu.

Laraba da safe muka hau mota, muka sauka a hanya, muka taka. Maraƙin yana kwance ƙarƙashin wata 'yar rumfa, ja ne da ɗigon fari a goshi, ƙafafunsa sun fi jikinsa yawa. Duk rugar ta taru, har da Nenne, tsohuwar da ta yi renon Umma, da Iro ƙanin Kawu riƙe da kwalbar madara. Ni kuma na tsaya a tsakiya ina neman saniya a cikin waya. Na kunna "sabo na gaske", sai kajin gidanmu. Na kunna "wannan ne", sai tsawa, yara suka watse. Na samu ta Turawa ta asali, maraƙin ko kunne bai motsa ba. Na kunna ta Nazifi, kare ya yi haushi. Nenne ta tambayi Kawu ko yaron nan lafiyarsa ƙalau. Sai na danna ɗaya daga cikin "wallahi wannan ne".

Maraƙin ya ɗaga kai. Ya tattara ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya ya miƙe, yana rawa, ya amsa da 'yar muryarsa. Ya tako har inda nake ya riƙa tura hancinsa cikin hannuna, yana zagaya ni yana neman inda uwar take. Iro ya yi maza ya sa masa kwalba a baki, ya ja kaɗan, ya saki, ya koma neman wayar.

Nan gardama ta tashi. Iro ya ce ai shanu ma kamar mutane ne, kowa da mai kama da shi a duniya. Wani ya ce wataƙila Turawan ne suka sace ta. Aka tambaye shi ta yaya za ta kai can cikin kwana shida har ta shiga intanet, ya ce su da suke da jirgi. Nenne ta ce ita dai a kashe abin nan, muryar dabba ba ta shiga ƙarfe sai da dalili. Ana cikin haka na duba fuskar wayar, don in ga ko caji zai kai. A ƙarƙashin sunan sautin akwai ƙananan rubutu da ban taɓa kulawa da su ba, ranar da aka ɗauka da lokaci. Asabar, ƙarfe goma da minti ashirin.

Daga wannan lokacin na sani. Kawu yana tsaye kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Na buɗe baki, sai na tuna rantsuwar Baba, da Mudi, da marin Nazifi guda tara, da wasan da saura ƙiris. Na ce wa kaina bari in fara tunanin yadda zan faɗa. Na ce ai maraƙin ya sha kaɗan, zai ƙara. Na ce ko na faɗa ma ban san sunan ƙauyen ba, to me amfanin? Kafin in gama jera dalilai caji ya ƙare, Iro ya raka ni titi, na dawo Daura.

Ranar Alhamis na gaya wa Nazifi. Ya dafe kai, ya ce shi babansa ba ya rantsuwa, duka kawai yake yi. Muka zauna muka ƙirƙiro dabaru. Mu rubuta wasiƙa ba suna mu jefa gidan. Mu ce a mafarki na gani. Mu koma mu nemo ƙauyen da kanmu, amma da wane babur? Mu ce wani yaro ne ya turo mana, to wane yaro, ɗan gidan wa? Kowace dabara sai ta dawo ta tsaya kan babur ɗin Yaya Mansur. Da yamma na zauna zan ƙarasa wasan, na kai wurin da makiyayi ke cewa mun iso gida lafiya, na kasa wucewa. Na cire kukan na sa na Turawa, wasan ya mutu. Na mayar, na kasa saurara. Umma ta tambaye ni me ya hana ni cin tuwo, na ce ciwon kai. Ta dube ni ta ce wannan ciwon kan a ido yake zaune.

Ranar Juma'a Kawu ya sake zuwa, ya yi salla a gari, ya sa aka yi masa cigiya. Bayan la'asar ya kira ni, ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai daga aljihu, ɗaure da roba. Ya ce maraƙin tun jiya bai tashi ba, zawo ya kama shi. Ya ce in zuba masa kukan nan a tasa, ya riƙa kunna masa safe da yamma.

"Kai kaɗai ka sa ya miƙe, ɗan birni. Allah ya yi maka albarka. Ka ga amfanin boko."

Na karɓi wayar tasa, na tsaya da waya biyu a hannu kamar mai sayarwa. Baba yana alwala a gefe. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Kawu, ba ta Turawa ba ce. Ni na ɗauka ranar Asabar, a wani ƙauye wajen Sandamu. Da babur ɗin Yaya muka je."

Baba ya ajiye buta. Kawu ya tambaye ni yaushe na gane. Na ce yanzun nan, da na duba. Wannan ita ce ƙaryar da ta zauna a gidan nan shekara biyu ana yi mata ado.

Na zaci Baba zai tashi da ni sama. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce gobe wayar za ta yi aikinta, jibi kuma tasa ce. Sannan ya tambayi sunan ƙauyen, na ce ban sani ba. Ya tambayi ta ina muka ratse, na ce wajen wata bishiya. Ya tambayi wace iri, na ce mai ganye. Yaya Mansur ya ce a bar shi da ni minti biyar zan tuna, Umma ta hana. Aka kira Nazifi, ya zo yana kuka tun daga zaure, ya rantse hagu muka yi, ni kuma na rantse dama. Kawu ne ya tsayar da mu. Ya ce shi abin da ya ji guntu ne, ina sauran? Na ce sauran duk datti ne, hayaniyar gari, shi ya sa na yanke. Ya ce dattin yake so.

Allah ya taimake ni ban goge na asalin ba, yana nan da suna "sabo biyar kar a taɓa". Muka kunna minti huɗun nan, kowa ya kasa kunne. Sai ga abubuwan da na yi kwana biyu ina ƙoƙarin kashewa. Injin niƙa yana tari yana mutuwa ana sake tayar da shi. Can nesa ana dukan ƙarfe, guduma biyu, babba da ƙarama. Wata mata tana ƙwala wa yaro kira. Sai muryata ina ce wa Nazifi ya daina numfashi.

Asabar da sassafe muka fita, Yaya Mansur yana tuƙi, Kawu a baya, ni a tsakiya kamar kaya. A mararrabar da 'yan acaɓa ke tsayawa kan hanyar Sandamu muka tsaya, Kawu ya ce su ne suka san kowane lungu. Suka kewaye wayar su kusan goma. Ɗaya ya ce ya san injin nan, na garinsu ne. Wani ya ce duk injin da ke ƙasar nan haka yake tari. Suka ambaci ƙauye uku masu maƙera, suka soke ɗaya saboda maƙerin ya koma sayar da fetur. Aka yi ta ja har hantsi ya ɗaga, ni ina ta kunnawa ina kallon caji yana sauka. Daga ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya ce a mayar wurin matar. Ya saurara sau biyu, ya ce wannan matar mai gari ce ta wani ƙauye bayan fadama, ya sha kai ta unguwa, kuma duk duniya ba mai kiran yaro haka sai ita. Ya shiga gaba muka bi shi.

Tun kafin mu ga katangar muka ji ta, muryar ta dushe amma ita ce. Kawu ya sauka babur bai gama tsayawa ba. Ya yi wani kira da ban taɓa jin ya yi ba, daga ciki ta amsa, har muka ji turken yana motsi. Ashe daren hadarin ta faɗa gonar wani ta yi ɓarna, mai gonar ya kama ta ya kai gidan mai gari, aka ɗaure ta sai mai ita ya zo, kamar yadda ake yi. Sun yi cigiya su ma, amma ta ɓangaren da ba namu ba. Mai gari ya ce kwana tara ba su yi barcin kirki ba. Aka kira mai gonar, Kawu ya ba shi haƙuri, suka daidaita a zaure. Mutanen ƙauyen suka taru suna kallon yaron da ya gano saniya da waya, wata tsohuwa har ta shafa kaina. Ni kuwa na tsaya ina murmushi, ban san inda zan sa idona ba.

Yaya Mansur ya koma da babur, ni da Kawu muka taho da ita a ƙasa ta cikin gonaki. Ba mu ja ta ba, ita ta ja mu. Kawu yana ta yi mata magana da Fillanci, wani lokaci yana dariya shi kaɗai. Ya ce mini da ta isa za ka ga yadda maraƙin zai tashi, nono ɗaya zai sha ya warware.

Mun isa ruga bayan la'asar. Wule ta fizge igiya ta nufi 'yar rumfar kai tsaye, ta sunsuna ƙasa, ta zagaya, ta fara kira. Iro ya fito ya tsaya, sai Nenne ce ta faɗa. Maraƙin ya kai gargara da hantsi, lokacin muna mararraba, Iro ya sa masa wuƙa don kada ya zama mushe.

Kawu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kuma ce ba don ni ba da uwar ma ba a same ta ba. Ranar Lahadi Baba ya karɓi wayar, bai mayar mini ba sai bayan shekara. Wasan bai fita ba. Wule tana nan da rai, ta sake haihuwa bara. Daga ƙauyen nan zuwa ruga tafiyar awa uku ce, kuma ni tun ranar Laraba na sani.